Sikila: Maganin Naira Biliyan Uku da Maganin da Aka Gwada a Gida

Yau za mu taɓa wata cuta da kusan kowannenku ya san mai fama da ita, ko a gida, ko a unguwa, ko wanda kuke zama benci ɗaya a aji. Ina nufin sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne, a 'yan shekarun nan masu bincike sun samu manyan nasarori biyu a kanta. Ta farkon duniya ta ɗauka, ta cika rediyo da intanet. Ta biyun kuwa a nan kusa da mu aka same ta, a asibitocin Kano da Kaduna, amma da yawanmu ko labarinta ba mu taɓa ji ba. Ga yaron da ke Paki ko Gimi ko Likoro, ta biyun ce ta fi kusa da ceton ransa, in har ta iso inda yake.

Me ke faruwa a cikin jini?

Waɗanda suka kai aji uku na babbar sakandare sun riga sun haɗu da wannan a darasin bayoloji, amma bari mu tuna wa juna. A cikin jininmu akwai jajayen ƙwayoyi, a cikin kowace ƙwaya kuma akwai sinadarin himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Lafiyayyar ƙwaya kewayayya ce kamar faifai, mai laushi, tana lanƙwasawa ta ratsa jijiyar da ta fi gashi siranta, kuma tana yin kwana kusan 120 kafin ta mutu.

A jikin mai sikila, himogulobin ɗin wani iri ne da ake kira S. Da zarar iska ta yi masa ƙaranci sai ya sandare, ya tanƙware ƙwayar ta koma siffar lauje. Irin wannan ƙwaya ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke yawan ƙaranci a jikinsa, idonsa ya yi rawaya kamar mai shawara. Sannan tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi ta tare hanya. Duk inda jini ya kasa kaiwa, wurin zai kama ciwo mai tsanani. Wannan shi ne rikicin da kuke gani yana kwantar da abokinku, ya yi mako biyu bai leƙo makaranta ba.

Ba a ɗaukar sikila wajen cin abinci tare ko zama kusa, gadonta ake yi. Kowa yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya karɓi A biyu shi ne AA. Wanda ya karɓi A da S shi ne AS, lafiyarsa lau, sai dai yana ɗauke da irin. Wanda ya karɓi S biyu shi ne SS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ku lura da kyau, kowane ciki na ce. Wasu na zaton in aka haifi guda mai sikila, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka lissafin yake ba. Ku ɗauki kwabo biyu ku cilla sama, za ku ga kowace jifa zaman kanta take yi, ba ruwanta da wadda ta gabace ta. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya da 'ya'ya shida babu mai ita, wani gidan kuma uku a jere.

To me ya sa ta yi yawa a wajenmu? A shekarar 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi sauran mutane tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Saboda haka duk ƙasar da sauro ya daɗe yana kisa, irin S ya yaɗu a cikinta. A Najeriya, kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu ko biyar AS ne, kuma ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila duk shekara. Babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Wani babban bincike da aka yi a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yau, a shekarun 1970, ya gano cewa mafi yawan jariran SS na wancan lokaci ba sa kaiwa shekara biyar. Da yawa daga cikinsu sun rasu ba tare da an taɓa sanin abin da ke damunsu ba.

Maganin da ya cika duniya

A watan Nuwamba na 2023 hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka kuma ta bi sahu a watan Disamba. Shi ne magani na farko da aka yarda da shi wanda ke amfani da fasahar CRISPR, wato dabarar yanka da gyaran ƙwayoyin gado, wadda ta sa mata biyu masana kimiyya, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, suka ci kyautar Nobel a 2020.

Hikimar da ke cikinsa abar sha'awa ce. Kun taɓa lura cewa jariri mai sikila ba ya nuna alama sai ya kai kamar wata shida? Dalili shi ne, tun yana ciki jikinsa na yin wani himogulobin na daban, na tayi, wanda ba ya sandarewa. Bayan haihuwa sai jiki ya kashe makunninsa a hankali, ya koma yin na manya. Abin da Casgevy ke yi shi ne sake kunna wannan makunni. Likitoci na ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, su kai ɗakin gwaji a gyara su, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargonsa, sannan a mayar masa da gyararrun. A gwajin da aka yi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan rikici ko sau ɗaya ba.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuɗin maganin a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A canjin naira 1,500 kan dala guda, ya haura naira biliyan uku, ban da kuɗin gado da na jinya na makonni. Ku ƙiyasta tirela nawa ta rake za a loda a kasuwar Makarfi, ko kwandon tumatir nawa za a ɗauka daga Ikara, kafin a haɗa kuɗin yaro ɗaya. Sannan ku duba wannan: duk masu sikila na Amurka, babba da yaro, kimanin 100,000 ne, ba su kai waɗanda muke haifa a shekara guda ba. Maganin yana inda masu cutar suka yi kaɗan, masu cutar kuma suna inda babu maganin.

Akwai tsohuwar hanyar warkarwa, wato dashen ɓargo daga ɗan'uwa na jini wanda jikinsu ya dace. An fara yin sa a Najeriya a 2011, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Shi ma yana cin miliyoyin nairori, yana da haɗari, kuma ba kowa ke samun ɗan'uwan da ya dace ba.

Binciken da aka yi a Kano da Kaduna

Cikin duk abubuwan da sikila ke jawowa, kaɗan ne suka kai shanyewar ɓarin jiki muni. Mun saba ganin ta a jikin tsofaffi masu hawan jini, amma mai sikila tana iya kama shi yana ɗan shekara shida. Jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ke toshewa, sai yaro ya wayi gari baki a karkace, hannu ko ƙafa ba ta motsi, ko magana ta ƙi fita. A ƙauye sau da yawa sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko sammu aka yi masa. Idan babu rigakafi, kusan yaro ɗaya cikin goma na masu SS yana gamuwa da ita kafin ya cika shekara 20.

Tun 1998 likitocin Amurka suka gano mafita. Akwai wata na'ura mai aiki da sauti da ake kira TCD, ana ɗora ta a gefen kan yaro ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, alama ce jijiya ta matse, yaron na cikin haɗari. Irin wannan yaro sai su riƙa ƙara masa jini duk wata, haɗarin kuma ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma duk wanda ya taɓa neman leda ɗaya ta jini wa ɗan'uwansa a ƙasar nan ya san cewa ƙarin jini duk wata, shekara da shekaru, ba abin da talaka zai jure ba ne.

Nan likitocinmu suka yi tambayar da ta dace da halin da muke ciki: tunda ƙarin jini ya fi ƙarfinmu, ko ƙwayar hydroxyurea za ta iya wannan aiki? Hydroxyurea tsohon magani ne mai araha, ana haɗiyarsa sau ɗaya a rana. Abin mamaki, aikinsa a jiki shi ne ƙara yawan himogulobin na tayi, wato dai inda maganin biliyan uku ya dosa, nan shi ma ya dosa, sai dai shi ba ya warkarwa, sauƙaƙawa yake yi muddin ana sha.

An yi gwajin mai suna SPRING a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a Kano, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna. Cikin waɗanda suka jagorance shi akwai Dakta Shehu Umar Abdullahi da Dakta Binta Jibir daga Kano, da Dakta Halima Bello-Manga daga Kaduna, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka. Sun ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗari, suka raba su gida biyu. Rabi aka ba su ƙaramin awo na maganin, rabi matsakaici. Da sakamako ya fito a 2022, yara takwas ne kacal cikin 220 suka samu shanyewar jiki, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka saba gani ga irin waɗannan yara in ba a yi musu komai ba. Ko ƙaramin awon ma ya yi aiki, matsakaicin kuma ya rage yawan kwanciya a asibiti.

Iyayenmu da yawa suna ɗar-ɗar da duk abin da aka kira gwajin magani, kuma suna da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike na yara 200, 11 suka rasu. Iyaye sun kai ƙara cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka daɗe ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Darasin da aka koya shi ne, bincike na gaskiya sai da yardar iyaye bayan an yi musu bayani da harshen da suke ji, sai da kwamitin da ke sa ido, kuma ya kamata ya amsa tambayar mutanen wurin, amfaninsa ya tsaya a wurinsu. Tambayar SPRING tamu ce, likitocinmu ne suka yi ta, amsar kuma ba ta fi ƙarfin aljihunmu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Daga Shika zuwa ƙauye

To, an gano magani mai araha. Shi ke nan an gama? Da sauran rina a kaba. Tazarar da ke tsakanin Amurka da Najeriya tana da ƙanwa a cikin gida, wato tazarar da ke tsakanin babban asibiti da ƙauye.

Mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan mun yi sa'a, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba shi da nisa da mu in aka kwatanta da wasu yankuna, kuma yana da sashen cututtukan jini. Amma ku ɗauki uwar da ke wani ƙauye a bayan Auchan, ɗanta ya tashi da ciwon ƙashi cikin dare a tsakiyar damina. Sai ta nemi mai babur ya fito da su titi, ta jira mota zuwa Zariya, ta sake shiga wata zuwa Shika. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin kati, kuɗin gwaji, abincin mai jinya, ga gona an bari ba shara. Hydroxyurea kuma ba sha ɗaya ba ne. Kullum ake sha, kuma dole likita ya riƙa duba jini lokaci zuwa lokaci. Iyalin da ba su iya wannan zirga-zirga, a wajensu maganin naira dubu da na naira biliyan duk ɗaya ne, tunda babu wanda ya iso hannunsu.

Kafin ma a kai ga magani, sai an san yaro na da cutar. A ƙasashen da ake gwada kowane jariri tun yana ɗan kwanaki, a fara ba shi fenisilin da allurar rigakafi da wuri, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu sikila suna girma su zama manya. Yanzu akwai ƙananan kayan gwaji masu kama da na zazzaɓin cizon sauro, ɗigon jini ɗaya, babu buƙatar wutar lantarki, sakamako cikin 'yan mintuna. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta sun gwada su a wuraren rigakafin yara a yankin Gwagwalada, suka nuna cewa ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya yin gwajin a ranar da uwa ta kawo jariri allura.

Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma tsarinta shi ne kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya a matakin farko. Adalci a harkar lafiya, a ganina, shi ne a kai waɗannan abubuwa uku inda mutane suke. Gwajin jarirai ya zama a cibiyar mazaɓa tare da rigakafi. Na'urar TCD, wadda ake iya ɗauka a jaka, ta riƙa zagayawa asibitocin Ikara da Makarfi da Hunkuyi a ranakun da aka sanar. Hydroxyurea kuma ya kasance a kusa, kyauta ko a ƙarƙashin inshorar lafiya ta jiha. Babu ɗaya cikin ukun da ke jiran sabon bincike. Kuɗi suke jira, da ma'aikata, da shugabannin da za su sa su a kasafi.

Abin da ke hannunku

Za ku ce, to mu 'yan makaranta mene ne namu? Akwai, kuma ba kaɗan ba.

Na farko, kowa ya san jinotaif ɗinsa tun yanzu, kafin zuciya ta kamu da wani ko wata. Kada ku rikita shi da rukunin jini. A, B, AB da O rukunin jini ne, ana duba shi wajen ƙarin jini. AA, AS, SS, AC da SC su ne jinotaif. Ku roƙi Baba ko Mama a kai ku asibitin gwamnati ko amintaccen ɗakin gwaji, in da hali a maimaita a wani wurin don a tabbatar. Maƙwabciyarmu Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta wannan gwaji kafin aure. Amma ranar da aka kawo lefe ba ita ce ranar da ta dace mutum ya fara jin cewa shi AS ne ba. Kuma ku sani AS ba aibu ba ne, ba cuta ba ce. Abin lura kawai shi ne wanda za a aura.

Na biyu, ku zama garkuwar abokanku masu sikila. Abubuwan da ke tayar musu da rikici sanannu ne: ƙishirwa, sanyin hunturu, dukan ruwan sama, gajiya mai yawa, da zazzaɓi. Ku shugabannin ɗalibai, kada ku sa mai sikila tsallen kwaɗo, ko durƙuso a rana, ko wanka da ruwan sanyi da asuba a makarantar kwana. A bar shi ya shiga aji da gorar ruwa, in ya nemi fita bayan gida akai-akai kada a ce wasa yake, ƙodarsa ce ba ta riƙe ruwa kamar ta kowa. In azumi ya zo, ya nemi shawarar likitansa kafin ya ɗauka. In ya yi fashi, ku kwafa masa darasi. Ku daina kiransa rago, ku daina faɗa masa ba zai yi tsawon rai ba. Akwai masu sikila a ƙasar nan da suka zama likitoci da lauyoyi da malamai, suka ga jikokinsu.

Na uku, ku haddace alamun haɗari ku koya wa na gida: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji da wahalar numfashi, ko fari fat na tafin hannu da ido. Duk wanda aka gani, asibiti za a nufa nan take, ba a jira gari ya waye. Idan kuna da ƙane ko ƙanwa mai SS daga shekara 2 zuwa 16, ku faɗa wa iyayenku su tambayi likita game da gwajin TCD da maganin hydroxyurea. Amma ina ja muku kunne, kada kowa ya je kemis ya sayo shi da kansa. Magani ne mai ƙarfi, sai likita ya auna nauyin yaro ya duba jininsa.

Na huɗu, ku yi karatu da niyyar dawowa gida. Na'urar TCD ba ta aiki sai da wanda ya iya riƙe ta. Gwajin jarirai na buƙatar ma'aikacin lafiya da zai yarda ya zauna a Gazara ko Likoro, ba wanda zai gudu Kaduna bayan wata uku ba. Ga makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, duk a bakin ƙofarmu. Likitocin da suka yi binciken Kano da Kaduna su ma sun taɓa zama a aji irin naku suna zana ƙwayar jini a littafin bayoloji.

Ranar 19 ga watan Yuni ta kowace shekara ita ce ranar sikila ta duniya. Aikin da nake ba ƙungiyoyin kimiyya da na lafiya na makarantunmu shi ne, ku je wajen shugaban makaranta tun yanzu ku nemi izinin gayyato ma'aikacin lafiya daga asibitin garinku ya yi muku bayani a taron safe. Ku shirya masa tambayoyi uku: a ina ake gwajin jinotaif a ƙaramar hukumarmu kuma nawa ne, ana gwada jarirai ranar rigakafi, kuma ina ne wuri mafi kusa da ake yin TCD? Amsar da kuka samu ku rubuto mana, za mu buga ta a wannan fili da sunan makarantarku, domin iyayen da ke neman hanya su gani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.